Hoton Iska

Hausa ta raba mutuwa gida biyu, kuma ba ta yarda a gama su ba. Mutum shi ke rasuwa, ko a ce ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah ya yi masa cikawa. Abin da ya bari gawa ce, a yi mata wanka da sutura, a kai ta makwancinta, a dawo a zauna karɓar gaisuwa. Dabba kuwa mutuwa take yi, ba lulluɓi ba sakayawa. In wuƙa ba ta riske ta ba ta zama mushe, mushe kuma ja ake yi a kai bayan gari, angulaye su ƙarasa aikin. Ko a cikin dabbobin ma akwai fifiko. Wanda saniyarsa ta faɗi, maƙwabta sukan zo su yi masa jaje, su ce Allah ya mayar da alheri, domin dukiya ce ta salwanta. Doki yana da kirari, yana da makaɗa. Wanda karensa ya mutu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗalibin harshe da ya zauna ya tattara abin da Bahaushe ya faɗa a kan kare zai ga inda matsalar take. Yaron da ke rataye a bayan babbar mota karen mota ne. Ɗan bangar siyasa karen farauta ne. Mai yin abin da ya ga dama ba mai tsawata masa yana cin karensa ba babbaka. In aka ga kare yana shinshina takalmi, an ce ɗauka zai yi. Mai hassadar wanda ya fi ƙarfinsa shi ne karen da zai mutu da haushin kura. Inda aka ɗan yaba masa, kamar a ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ko ba a kiwon kare ranar farauta, aikinsa aka yaba. Harshen ya san amfanin kare sarai. Wurin da bai tanada ba shi ne na wanda ya shaƙu da shi.

A wani ƙauye na Adar, cikin kwarin Keita, akwai wani tsohon malamin lakwal da ya tarar da kansa cikin wannan giɓi yana da shekara sittin da ƴan kai. Duk garin Mushe suke ce masa, kamar yadda ake ce wa kusan duk wanda ya taɓa riƙe alli a ƙasar nan, daga monsieur na Faransanci. Ya yi shekara talatin da wani abu yana amsa sunan, bai taɓa jin ya yi masa kama da ɗaya mushen ba, domin kunne yana rarrabe su. Rubutunmu ne, da ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, yake mayar da su abu guda.

Wurin aikinsa na ƙarshe wata makarantar ƴaƴan makiyaya ce a arewacin Abalak, cikin Azawak. A wata shekara da ciyawa ta yi ƙaranci, iyalan suka kwashe da wuri suka yi kudu da dabbobinsu, ajinsa ya watse. Yaro ɗaya ne ya riƙe a ɗakinsa har ƙarshen shekara, saboda yaron yana dab da jarrabawa kuma kansa yana ja. Da damina ta faɗi, uban yaron, wani Ba'abzine mai ƴan raƙuma da awaki, ya zo ɗaukar ɗansa. Bai kawo kuɗi ba, bai kawo akuya ba. Ya buɗe bakin rigarsa ya fito da ƴar kwikwiya mai launin rairayi, ƙafafunta huɗu farare kamar an sa mata safa, ya ajiye ta a gaban malamin.

Mushe ya san abin da aka ba shi. Wannan irin kare, wanda duniya ta sani da sunan yankin, ba kasafai masu shi suke sayar da shi ba; kyauta ake yi da shi ga wanda ake girmamawa. Abzinawa suna ce masa oska, su bambanta shi da idi, wato kare kawai. Dogo ne siriri, ƙafafu kamar kara, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, haƙarƙari da ƙashin ƙugu a bayyane ko da ya ƙoshi. Yana kamo zomo da barewa da gudu, yana gadin zango da dare, ba ya sakin jiki da baƙo. Tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, inda yanzu yake da takardun asali da gasar kyau, alhali a mahaifarsa madara da hatsi ne abincinsa, inuwar tanti kuma ita ce ɗakinsa. Mayar da irin wannan kyauta cin fuska ne. Mushe ya karɓa da hannu biyu, yana ayyanawa a ransa cewa in ya isa gida zai ba wani mahalbi.

A cikin kwali ta yi tafiyar, a bayan motar ƴan kasuwa. Yaran gidan suka tambayi sunanta, ya ce bai sani ba, abin da dai ya ji mai ita yana faɗa shi ne oska. Kunnen Bahaushe bai san kalmar ba, sai ya ja ta zuwa ga wadda ya sani. Kafin la'asar ta zama Iska. Uwargidansa ba ta so sunan ba, don iska ba ta tsaya ga mai kaɗa ganye ba, tana kai wa ga iskoki da ƴan iska. Ba ta kuma so mai sunan ba.

"Malam, kare cikin gidan ga? Inda muke salla?"

Ya ce a garka za ta zauna. Yana da ƴar garka a gefen ɗaya daga cikin madatsun ruwan da aikin raya karkara na Keita ya gina bayan farawarsa a 1984, inda yake shirin noman albasa da tumatir in ya ajiye alli. Duk da haka bai sami natsuwa ba sai da ya je wurin liman. Limamin, mutum mai karatu da sanyin hali, ya gaya masa abin da yawancin masu tsallake inuwar kare ba su sani ba: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne. An kuma yarda a ajiye shi don farauta, ko gadin dabbobi, ko gadin shuka. Har ya ƙara masa da labarin da malamai ke bayarwa game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsaro ya taɓarɓare, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga zamanin da ya ajiye abin da ya fi kare. Mahalbin da aka yi niyyar ba kyautar bai taɓa jin labarinta ba.

Shekara goma suka yi tare, kuma babu wani abin ba da labari a cikinsu, wanda shi ne alamar zaman lafiya. Bayan sallar asuba ya ɗauki ƙanzon tuwo da ɗan nono a ƙoƙo ya kama hanyar garka. Tun daga nesa ta san takunsa, amma ba ta yin tsalle ko rawar jiki irin ta karnukan gari. Takan miƙe, ta yi miƙa, ta zo ta jingina kafaɗarta da gwiwarsa sau ɗaya, ta koma. Yana ban ruwa tana kwance a kan kunya, kanta bisa ƙafafun gaba. Awakin mutane suka daina shiga masa shuka. Ɓarayin albasa, waɗanda kan zo da buhu cikin dare gab da cira, suka koma garkunan da ba su da mai gadi. Mutane suka yi ta zolayarsa cewa fansho bai isa ya ciyar da karya ba, ga ta ƙashi da fata. Da fari yakan tsaya ya yi bayani, halin malami, daga baya ya bari. Wani lokaci da sanyin yamma zomo yakan tashi daga cikin kalgo, ta bi shi, duk wanda ke wurin ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya kallo. Ba a ganin ƙafafunta. Sai ƙura.

Yakan yi mata magana, da Hausa, wani lokaci da Faransanci in ransa ya ɓaci. Mutumin da ya saba da yara arba'in suna sauraronsa kullum, ranar da aka ce ya koma gida ya huta, shirun yakan yi masa nauyi. Ita ta ɗauke masa wani kaso na nauyin, kuma ba ta taɓa kai maganarsa gaba ba.

Cikin bazarar shekara ta goma, da rana tsaka, wani baƙon kare ya faɗo garkar ta ƙarƙashin shinge. Yana tangaɗi, yana cizon duk abin da ya tarar, har karan dawa. Jikan Mushe, ɗan shekara shida, yana bakin rijiya. Ko karen wurin yaron ya nufa ko a'a, babu wanda zai iya rantsuwa. Abin da aka gani shi ne Iska ta tare shi a tsakiyar kunyoyi suka kaure. Kafin ƴan ƙwadago su iso da sanduna su kashe shi, ya cije ta a kafaɗa da gefen hanci. Raunin ba mai zurfi ba ne. Mushe ya wanke mata da ruwan gishiri, cikin mako guda ya warke, aka manta. Kamar yawancin karnukan karkara, ba a taɓa yi mata allurar rigakafi ba.

Bayan kamar mako huɗu ta canza. Ta daina fitowa tarbarsa, ta shige ƙarƙashin amalanke tana gudun haske. Haushinta ya dishe, ya koma wani sauti da bai san ta da shi ba. Washegari ya tarar da muƙamuƙinta a sake, baki buɗe, yawu yana zuba, tana duban ƙoƙon nono ba ta iya lasa. Ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale mata a maƙogwaro. Ya naɗe hannun riga zai zura yatsu ya ciro, sai ya ga ya fara kiran ƴarsa, malamar jinya a Tawa, ya tambaye ta yadda ake yi. Ta saurare shi, ta tambaye shi ko wani kare ya taɓa cizon ta. Da ya ce e, muryarta ta sauya.

"Baba, don Allah don Annabi kada ka sa hannu. Ja da baya yanzu, ina jin ka. Ka ja?"

Ciwon haukan kare yana da fuska biyu. Wadda kowa ya sani ita ce ta kare mai yawo yana cizo. Ɗayar mai shiru ce, tana shanye muƙamuƙi da maƙogwaro, kuma ita ce ke yaudarar masu kare su sa hannu a baki neman ƙashin da babu. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Daga wurin cizo takan bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake yin makonni ba a ga komai ba. Da zarar alamu sun bayyana, ga mutum ko ga dabba, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, yara kuma suna da kaso mai yawa a ciki. Abin takaicin shi ne maganin rigakafinta ya girme wa kakanninmu: tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar bayan kare ya cije shi, yaron ya rayu. Wanda aka ciza, in ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, ya je aka fara masa allurai kafin alamu, yakan tsira. Kare ma, in an yi masa tasa allurar tun yana lafiya, ba ya zama gada tsakanin cutar da mutane.

Ga Iska lokaci ya wuce. Da dogon sanda mai igiya a baki aka zarga mata wuya aka ɗaure ta a gindin gawo. Ba ta yi gardama ba. Abin da ya fi ci wa Mushe rai, fiye da harbin da ya biyo baya, shi ne kwana biyun da ya yi zaune a kan turmi taku biyar daga gare ta. Tana dubansa, tana jan jiki iyakar igiya don ta jingina kafaɗa da gwiwarsa kamar kullum, shi kuma yana matsar da turmin baya. A rana ta uku ƙafafunta na baya suka daina ɗaukar ta. Ya aika aka kira mahalbi. Mutumin ya zo da bindigarsa ta gargajiya, ya ce, "Mushe, ka tahi gida, in mun gama a hwaɗa maka." Ya ce a'a. Ya tsaya.

Da ƙarar ta lafa, ɗaya daga cikin samarin da suka taru, yaron kirki da ke son ya taimaka, ya ce, "Mushe, ina za mu kai mushen?" A ranar ne karo na farko kalmomin biyu suka zauna masa kusa da juna.

Ba a ja ta bayan gari ba. Ƴarsa ta riga ta gargaɗe su a waya cewa dole a haƙa rami mai zurfi a binne, don kada dila ko wasu karnuka su tono. Saboda haka samari suka haƙa har ƙugu a gindin gawon, aka sa ta da igiyar da buhun da take kwanciya a kai, aka mayar da ƙasa, aka ɗora duwatsu da ƙaya. Ga mutanen gari wannan tsabta ce da bin umarnin likita. Shi kaɗai ya san abin da ya ɗauke shi, kuma bai gaya wa kowa ba.

Shi ma sai da ya sha allurai. Tafin hannun mai ban ruwa ba ya rabuwa da tsaga, kuma ta lashe shi a kwanakin da ba a san tana ɗauke da ciwon ba. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Tawa a ranakun da aka yanka masa, kuɗin albasar shekarar ya tafi a mota da magani. A nan ne gari ya cika gidansa. Liman ya zo, maigari ya aiko, tsofaffin ɗalibansa suka yi ta kira daga Yamai da Maraɗi. Kowa abu ɗaya yake faɗa: barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya raba mu da mugun ji da mugun gani. Wata tsohuwa ta ce ai dama kiwon kare ba ya ƙarewa da alheri. Barka suka zo yi masa, da zuciya ɗaya kuwa, domin ya tsira kuma jikansa ya tsira. Ya amsa kowace da amin. Mutum ba ya cewa masu yi masa barka sun yi kuskuren gaisuwa.

Makonnin da suka biyo baya ya rame. Yakan tashi da asuba ya kai hannu ga ƙoƙo, sannan ya tuna. Ya daina zuwa garka da wuri, sai rana ta ɗaga ƴan ƙwadago sun cika wurin. Ya san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa aka gafarta masa, ya san karen Ashabul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata kwance a bakin kogo, ƙafafun gaba a miƙe, kwanciyar da ya gani sau dubu a kan kunya. Amma babu ɗaya daga ciki da ya ba shi abin faɗa. Ba zai ce Allah ya jiƙanta ba. Ba zai ce ta rasu ba. Da ya faɗa da yara sun yi dariya, manya sun dubi juna. An ce sabo ake yi wa kuka, amma ba a faɗi inda mai gemu zai zauna ya yi kukan sabo da karya ba.

Ƙofa ɗaya harshen ya bar masa a buɗe, ƴar ƙarama. Aikatau rasu, na aji na 7 a tsarin Parsons, an keɓe shi ga ɗan Adam in ana maganar mutuwa. Amma tushensa rasa, na aji na 1, ba ya zaɓen karɓau. Ana rasa uwa, ana rasa kuɗin mota, ana rasa abin cewa. Ita ba ta da izinin rasuwa, amma shi yana da izinin rashi. In wani ya tambaye shi ina doguwar karyar nan tasa, sai ya ce, "Na rasa ta." Mai tambaya ya ji kamar an ce ta ɓace, ya wuce. Shi kuma ya faɗi gaskiyarsa ba tare da an kama shi ba.

Ƴar tasa ce ta lura da ramar. Da ta zo hutun ƙarshen mako ta zauna kusa da shi a zaure, ta fito da wayarta, ba ta ce komai ba ta fara ja da yatsa tana komawa baya cikin shekaru. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya ɗauki Iska hoto don kanta; wa zai ɓata wuri a waya saboda kare? Amma tana nan a gefe-gefe. Ga hoton tarin albasa na wata shekara mai albarka, ga rabin jikinta a kusurwar hagu. Ga jikan yana koyon tafiya, ga farar ƙafa ɗaya a bayansa. Ga hoton sabon injin ban ruwa, ga ta can nesa ƙarƙashin mangwaron da a lokacin bai kai ƙugun mutum ba, yanzu kuwa ana hutawa a inuwarsa. Suka bi wayar, suka bi tsohon katin ajiya da ke cikin jakarta, suka aika wa ƙanenta ya duba tasa. Tara suka samu.

Biyu daga ciki ya fi daɗewa a kansu. Na farko daga baya aka ɗauke shi, yana tsaye yana ciniki da wani mai sayen albasa, hannunsa na dama a sama yana nuna farashi. Hannunsa na hagu kuwa yana ƙasa, a kan kanta, yatsunsa a bayan kunnenta. Bai san hannun yana wurin ba a lokacin, kuma bai san an ɗauka ba. Mutumin da ya yi kwana biyu yana matsar da turmi baya ya daɗe yana duban wannan hannun.

Na biyun, a ƙa'idar masu hoto, ya lalace. Ƙanen ne ya gwada ɗaukar ta tana bin zomo, wayar ba ta iya kamo ta ba. Kalgo ya fito sarai, ƙasa ta fito, sararin yamma ya fito, amma inda take sai wani zane mai launin rairayi da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, ba kai ba wutsiya. Yaron ya so ya goge shi tun ranar, mantuwa ta hana. Mushe ya ce duk cikin taran wannan ne ya fi kama da ita.

Ba daidai ba ne a ce hotunan sun mayar masa da wani abu. Abin da suka yi ya fi haka ƙanƙanta, amma shi yake bukata. Tun ranar harbin, in ya rufe ido fuska ɗaya yake gani, ta kwanakin ƙarshe, baki a sake, ido ya faɗa. Kwana uku sun danne shekara goma. Tunani ba ya bin adalci wajen rabo, abin da ya zo ƙarshe da zafi shi ke zama a gaba. Hotunan suka zo da shaidar da ba ta dogara da tunaninsa ba: ga ta da ƙiba irin tata, ga ta tana barci, ga ta ranar da babu abin da ya faru. A hankali fuskar ƙarshen ta koma ɗaya daga cikin goma. Akwai kuma wani sauƙi da zamani ya kawo ba da niyya ba. Tsohon da ya zauna shiru a zaure yana kallon ƙasa, za a tambaye shi lafiya. Wanda ya zauna yana kallon waya, babu mai tambayarsa.

Wayar ba tasa ba ce, tasa ƙarama ce mai maɓallai. Ranar allurarsa ta ƙarshe suka biya wurin mai hoto a Tawa don a wanke masa su, kamar yadda har yanzu muke faɗa. Saurayin ya buɗe na cinikin albasa a kwamfuta, ya duba, ya kai hannu ga linzami.

"Baba, in yanke karen in bar ku ku kaɗai? Zai fi kyau."

"A'a, ɗana. In wuri bai isa ba, ni za ka yanke."

Yaron ya yi dariya, ya ɗaga kai ya ga ba wasa ake yi ba, ya wanke su yadda suke.

Bai rataya ko ɗaya a bango ba. Ya san hadisin da ya haɗa kare da sura wuri ɗaya cikin abubuwan da ke hana mala'iku shiga ɗaki, ya kuma san malamai sun yi saɓani a kan ko hoton kyamara yana cikin surar da ake nufi. Bai ga dalilin jawo wannan muhawara cikin ɗakin uwargidansa ba. Ya sa su a cikin tsohon littafin kiran suna na makarantar Azawak, wanda ya taho da shi bisa kuskure ko ba bisa kuskure ba, ya ajiye a akwatin takardun fansho. Wata rana ya shigo ya tarar da akwatin a buɗe, uwargidan zaune a bakin gado da hotunan a cinyarta. Shekara goma ba ta taɓa kiran dabbar da komai ba sai karyar nan. Amma ita ce kullum take kankare ƙanzon ta ajiye a inda hannunsa zai kai da asuba, kuma bai taɓa tambayar kansa dalilin da ƙanzon gidan bai taɓa yankewa ba. Ta ɗaga na gindin mangwaro ta ce, "Nan Iska tana yarinya." Ta mayar da su yadda ta same su, ta tashi ta koma madafa.

Ƴar ce ta yi tunanin ɗaya abin. Yaron nan da Mushe ya riƙe a shekarar fari ya girma, yana aiki a Agadas, kuma yana cikin masu kiran barka. Ta aika masa hotunan ta WhatsApp, ta rubuta masa abin da ya faru dalla-dalla. Kwana goma sha biyu ba amsa, don sai da ya sami mai zuwa zangon ubansa. Sannan saƙon murya ya iso, dogo, da kukan awaki a bayansa. Tsohon yana magana da Tamajak, ɗan yana fassarawa. Ya tambaya ko ta yi farauta, ko ta taɓa haihuwa, ko an rufe ta da kyau. Ya ce ya gane ta da farar ƙafa, irin ta uwarta ce, ya faɗi sunan uwar da na kakar da rijiyar da aka haifi kowace. Ya ce kakar ma a kan gadin zango ta mutu. Daga nan aka ji ya karɓi wayar daga hannun mai fassara, ya yi gyaran murya, ya faɗi da Hausarsa ta kasuwa, a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba tasa ba:

"Mushe. Yaya haƙuri?"

Sau uku Mushe ya sa aka maimaita masa wurin. Da ya zo ba da amsa bai iya riƙe maɓallin ba, saƙon farko ya yanke a tsakiya, na biyu ya tafi babu komai a ciki sai numfashi. A na uku ƴar ta riƙe masa, ya ce haƙuri da godiya, ya gaishe da iyali da dabbobi, ya tambayi ruwan bana.

A ƙarshen saƙon tsohon akwai wata magana da ɗan ya fassara daga baya: in garkuna sun sauko daga Ingal bayan damina, akwai wata jikar ƴar'uwar Iska da ake sa ran za ta haihu. Mushe bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai sa ƴarsa ta binciko masa a Tawa nawa ake yi wa kwikwiyo allura, da kuma wata nawa ake jira kafin a yi ta farko.